Naman Dajin Baba da Kunnen Auta

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda a lokacin na yi zaton za su bi ni kabari. Amma ranin da ƙanwata ta kwanta ciwo a Samaru, wannan kam ya zauna min daram, na kuma san babu inda za shi. Idan na tuna lokacin, ba tsoro ne yake fara zuwa min ba, ba kuma kuka ba. Gajiya ce. Irin gajiyar da mutum zai kwanta da ita, ya farka ya tarar ko kaɗan ba ta ragu ba.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Samaru. Maigidana soja ne, an tura shi aiki can nesa, sai dai mu gaisa ta waya. 'Ya'yanmu biyu suna makarantar kwana. Gidan haya muke zaune, tsakar gida ɗaya da wasu iyalai, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Bayan rasuwar mahaifiyarmu, ga kuma rashin kwanciyar hankali a ƙauyenmu da ke kudancin Kaduna, muka matsa wa Baba ya baro gona ya dawo wurina. Ya zo tare da ƙanwata, wadda duk gida muke kira Auta, don ita ce ta ƙarshe a ɗakinmu. Ta gama kwalejin horar da malamai, tana zaman jiran aikin da ya ƙi zuwa.

Baba manomi ne, kuma maharbi tun yana saurayi. Zaman gari ya yi masa nauyi ƙwarai. Da safe zai share tsakar gidan da ba aikinsa ba ne, ya gyara abin da bai lalace ba, sannan ya ɗauki benci ya zauna a ƙofar gida yana kallon 'yan jami'a suna wucewa. Idan na kawo masa abinci sai ya daɗe yana duban kwanon.

"Ni ban saba a ciyar da ni ba," in ji shi. "Hannuna lafiya, ƙafata lafiya, amma ina zaune kamar tsohon buhu."

"Baba, ai ka ciyar da mu shekara da shekaru. Ka huta mana."

"Hutun nan shi zai kashe ni."

Wata rana ya fita yawo da ƙafa ta wajen Basawa, har ya wuce bariki ya shiga gonakin da aka gama girbi. Ya dawo da yamma fuskarsa a sake, irin yadda ban gan ta ba tun jana'izar Mama. Wai ya ga ramukan gafiya, ya ga sawun zomo. Washegari ya samo tsohuwar wayar birkin keke ya zauna ya haɗa tarko. Kafin wata ya ƙare ya yi aboki a can, wani maharbi magidanci mai 'ya'ya, wanda shi da mutanensa suke ƙona daji su haƙa ramuka da rani. Baba ya fara sayen abin da suka kamo yana haɗawa da nasa. Akwai wata mata a Sabon Gari mai sayar da farfesu, 'yar wajenmu ce, ita take karɓar kayan. Da haka Baba ya tashi daga mai ɗana tarko ya zama ɗan kasuwa.

Idonsa ya fara rauni, don haka aikin wuƙa ya dawo hannun Auta. Ita ce mai babbaka, mai feɗewa, mai wanke kayan ciki, mai jera naman a kan waya bisa rabin durom ta yi banda. Ranar Asabar ta zuba a bokiti ta rufe, ta hau bas zuwa Sabon Gari. Tana yin aikin da son ranta, don ta gaji da zama, kuma ta ga yadda Baba ya farfaɗo. Ni ma na ji daɗi. Tsohona yana dariya, miyarmu tana da nama. Mun tashi muna cin naman nan, iyayenmu ma haka, babu wanda ya taɓa ce mana akwai wani abu a ciki in ban da daɗi.

Akwai wata yamma da har yanzu nake ganinta a idona. Na dawo daga makaranta na tarar Baba ya zazzage buhu a bayan ɗaki. Ban da gafiya biyu da zomo ɗaya, sauran duk ƙananan ɓerayen gona ne, tuli guda. Wasu sun ƙone rabi, wasu da alama tun jiya suka mutu. Gindin buhun ya jiƙe sharkaf da jini da fitsarinsu, wari ya cika wurin.

Na ce, "Baba, waɗannan 'yan ƙananan kuma fa? Wa zai saye su?"

Ya yi dariya. "Ke boko ya ɓata ki. Ai su ne masu daɗin. Akwai masu zuwa wurin matar nan musamman dominsu."

Auta tana tsugune da wuƙa, hannu tsirara, ta ɗaure ɗan yatsanta da tsumma inda ta yanke tun shekaranjiya. Tana aiki tana share gumi da bayan hannu. Ta ɗago ta ce, "Yaya, ki wuce ciki kawai, kin san ke ba kya son ƙarni." Na wuce. Na gaji, ga littattafan yara da zan duba.

Bayan kamar sati biyu ta fara zazzaɓi. Wa zai ɗaga hankali saboda zazzaɓi a Zariya? Na aika kemis aka kawo maganin maleriya, ta sha ta gama, zafin jiki bai sauka ba. Muka je wani ƙaramin asibiti aka ce taifod ne, aka yi mata allurai. Ta dawo gida tana kukan ciwon kai da ciwon ƙirji, maƙogwaronta ya kumbura har ruwa ba ta iya haɗiya sai da hawaye. Amai ya biyo baya. Ni ce mai kwashewa, ni ce mai wanki, da safe kuma in saka kaya in tafi aji in tsaya a gaban yara ina karanta musu abin da ni kaina ba na ji. Baba yana ta dafa ganyaye yana kawowa. Mata daga cocinmu suka zo suka kewaye ta da addu'a, suna dafa kanta.

Ranar da nake goge mata baki na ga jini a jikin tsumman, daga dasashinta yake fitowa, fuskarta kuma ta kumbura, ranar ce na daina jiran sauƙi. Na samo mota muka kai ta babban asibiti.

Likitar da ta duba ta mace ce, ba ta girme ni ba. Ta saurare ni ina jero magungunan da muka sha, ba ta katse ni ba. Sai ta tambaya, "Malama, wace sana'a take yi?"

"Ba ta da aiki tukuna, tana jira."

"A gida fa? Me take yi da hannunta?"

"Tana taya Babanmu gyaran naman daji."

Ta ajiye biro. "Wane irin nama?"

Na lissafa mata. Da na kai kan ɓerayen gona sai ta ɗan ja kujerarta baya, ta kira wata sista ta yi mata magana a hankali. Nan da nan aka kawo safar hannu da abin rufe hanci da baki. Ta ce min tana zargin zazzaɓin Lassa ne, za a ɗebi jini a aika gwaji, amma ba za su jira sakamako ba, yanzu za a killace ta a fara magani.

Na taɓa jin sunan ciwon a rediyo. A tunanina ciwon wasu mutane ne a wasu garuruwa.

Baba yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai. Ya shigo ba a kira shi ba. "Likita, ki yi haƙuri. Ni na girme wa ubanki. Tun kafin a haife ki nake cin ɓeran nan, ban taɓa ko ciwon kai ba. Ki duba wani abu dai."

Ba ta yi fushi ba, ita ma da gani a gajiye take. Ta ce, "Baba, na yarda. Ba kowane ɓera ke ɗauke da shi ba, kuma wanda ke ɗauke da shi ba ya nuna alama, lafiyarsa ƙalau yake yawo. Ciwon yana cikin fitsarinsa da kashinsa da jininsa. Wanda ya ci naman da ya dahu sosai zai iya tsira. Mai kamawa da mai feɗewa su ne a gaba. Wani ya kamu ya yi ɗan zazzaɓi ya warke bai ma sani ba, wani kuma ya kai shi ƙasa. Daga jikin mara lafiya kuma yana iya kama mai jinya."

Ta juyo ta dube ni da ta faɗi wannan na ƙarshen. Na dubi hannuwana.

Aka tura Auta wani ɗaki da ke can gefe, inda ba mai shiga sai ma'aikata cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Tana kan gadon da ake turawa ta miƙo min hannu, sista ta ce kada in taɓa. Tun tana jaririya nake goya yarinyar nan, ranar aka hana ni riƙe mata hannu.

Sakamako ya fito, ya tabbata shi ne. Daga nan gajiyar gaske ta fara.

Ma'aikatan lafiya suka zo gidanmu da mota. Suka rubuta duk wanda ya taɓa ta, har da matan cocin da suka yi mata addu'a. Suka ba mu ma'aunin zafin jiki, suka ce safe da yamma mu auna, za su riƙa zuwa har sati uku. Suka fesa magani a ɗakinmu da bayan gida, suka ƙona katifarta da buhunan Baba. Duk unguwa ta fito kallo. Kafin yamma labari ya kai bakin titi, kuma ya canza kama a hanya. Wasu suka ce ciwon da ke sa jini ya fita ta ido ne, wasu suka ce ta riga ta mutu muna ɓoyewa.

Hedimasta ya kira ni ya ce iyayen yara sun yi magana, in zauna a gida tukuna. Ban ga laifinsa ba. A tsakar gida, idan na fito ɗiban ruwa sai kowa ya tuna yana da aiki a ɗaki. Idan na gama, wata takan fito da omo ta wanke kan famfon. Mai shagon da nake sayen burodi ya ce in ajiye kuɗin a kan benci. Wasu daga cikin matan cocin suka daina ɗaukar wayata, mijin ɗaya ma ya aiko min da magana mai zafi, wai mun san abin da ke gidanmu muka bar matarsa ta shiga. Ba ni da ƙarfin mayar da martani. Na ce a ba shi haƙuri.

Mutum ɗaya ce ba ta canza ba, wata Hajiya mai gidan da ke jikin namu, tsohuwa ce da ba mu wuce gaisuwa da ita ba. Kullum da safe sai in ji ta ƙwanƙwasa katanga. "Malama, ga kunu nan a kan bango. Yaya mai jiki? Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne." Takan zuba a leda don kada a yi maganar mayar da kwano. Ba ta taɓa shigowa ba, ba ta kuma taɓa fashi ba. Akwai ranakun da kunun nan ne kaɗai abin da ya shiga cikina.

Kowace rana hanyata ɗaya. In tashi in auna kaina, in auna Baba, in dafa abin da Auta za ta iya haɗiya, in hau mota zuwa asibiti, in miƙa kwanon a inda aka ce a riƙa ajiyewa, sannan in zagaya bayan ginin in tsaya a jikin taga. Daga nan nake hango ta, an saka mata ƙarin ruwa, ta rame har ba na gane ta sai da kitson da na yi mata. Wata rana ta buɗe ido, wata rana ba ta buɗe ba. Akwai wasu masu jinya da muke tsayuwa tare a wurin. Ba ma yawan magana. Wata safiya na zo na tarar mutumin da ke tsayawa kusa da ni ba ya nan, gadon matarsa kuma an cire zanin. Ban tambayi kowa ba.

Duk ciwon kan da ya same ni sai in ce shi ke nan, ya zo. In ɗauko ma'aunin zafin in auna. Maigidana yana kira, ina ce masa da sauƙi, don ban ga amfanin ɗaga hankalin mutumin da ke riƙe da bindiga a daji ba.

A cikin wannan hali mai farfesun Sabon Gari ta zo. Ba ta shigo ba, a ƙofar gida ta tsaya tana ɗaga murya. Ma'aikatan lafiya sun je wurinta, masu cin abinci sun gan su, kasuwarta ta mutu.

"Me na yi muku? Ku da ciwonku, sai ku kai sunana? Da wannan tukunyar nake ciyar da marayu!"

Na ce, "Mama, tambayata aka yi inda ake kai naman. Ƙarya zan yi?"

"Da kin ce ba ki sani ba! Duk Sabon Gari ni kaɗai ke sayar da naman daji?"

Na tsaya ina kallonta. Gaskiya ta faɗa, ba ita kaɗai ba ce, marayun kuma na san su. Ni ma gaskiyata na faɗa. Na juya na shiga ciki na bar ta tana yi.

Baba kuwa ya kafe. Ya ce maƙiya ne, ya ce ruwan garin nan ne, ya ce likitocin yanzu ba su san komai ba sai tsorata mutane. Ya ɓoye tarkunansa a ƙarƙashin gado don kada a ƙona. Har ya fara maganar komawa daji idan sati ukun sun cika. Mun yi faɗa da shi irin wanda ban taɓa yi da mahaifina ba. Na ce masa, "Baba, 'yarka tana can tsakanin rai da mutuwa, kai kana lissafin ramin gafiya?" Ya ce ni ba zan koya masa daji ba. Muka kwana biyu ba ma magana sai ta ma'aunin zafi, in miƙa masa, ya miƙo min.

Sai wata rana da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Yana zaune a kan bencinsa. Na ji yana cewa, "Wa? Yaushe?" Ƙanin abokinsa maharbin nan ne ya kira. Ashe tun kwanaki mutumin yake kwance da zazzaɓi a ƙauye, ana ta jiƙe-jiƙe, ba a kai shi asibiti ba sai da jini ya fara zuba. Ya rasu a hanya. Matarsa da ta yi jinyarsa ita ma ta kwanta.

Baba ya ajiye wayar a ƙasa. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Shi ya haƙo ɓerayen. Buhun nan daga hannunsa na karɓa."

Ya tashi ya shiga ɗaki, na ji yana jan abu daga ƙarƙashin gado. Ya fito da tarkunan gaba ɗaya, ya zauna da filaya yana yanka wayar guntu-guntu. Ya daɗe yana yi. Da ya gama ya tattara ya kai bola da kansa. Tun daga ranar ya fara bina asibiti. Yakan tsaya a jikin tagar da hularsa a hannu har rana ta take, sai na ja shi mu tafi.

Ubangiji ya ji tausayinmu, ni da Baba ba mu kamu ba, matan cocin ma haka. Auta kuma ta fara dawowa a hankali. Zazzaɓin ya sauka, kumburin ya sace, ta fara zama. Ranar da na zo na hango ta zaune a bakin gado ta juya wa taga baya tana shan shayi, farin ciki ya sa na manta inda nake. Na ƙwala mata kira.

"Auta!"

Ba ta juyo ba.

"Auta! Ga ni nan, ta taga!"

Na buga ƙarfen tagar da makulli har wata sista ta leƙo. Auta tana ta shan shayinta. Sai da sistar ta taɓa kafaɗarta ta nuna mata ni, sannan ta juyo ta yi murmushi. Ta yi magana da ƙarfi fiye da kima, kamar mai kiran wani a hayin rafi. "Yaya! Wurin nan shiru ya yi yawa, ko rediyo babu!"

A lokacin akwai janareta yana ruri a bayan ginin.

Likita ta ce min hakan yana faruwa ga wasu da suka tashi daga wannan ciwo, sau da yawa ma a daidai lokacin da suke samun sauƙi. Wasu jin yakan dawo, wasu ya dawo rabi, wasu ba ya dawowa. Ta ce mu jira mu gani. Na zauna a kan dakalin asibiti, na so in yi kuka, hawayen suka ƙi zuwa. Na ga kamar na yi ta gudu ne na kai inda aka ce ƙarshe, sai aka nuna min wata hanyar a gaba.

Da aka sallame ta muka dawo gida, Baba ya sa ta zauna a kujera, shi kuma ya durƙusa a gabanta. Tsoho mai furfura, a gaban autarsa. Na san ya kwana biyu yana shirya maganar, don na sha jin yana maimaita ta shi kaɗai. Ya ce shi ya kawo buhun, shi ya ba ta wuƙa, son ransa ne ya ja mata, ta yafe masa. Ya yi magana mai tsawo. Ita kuwa tana ta kallon bakinsa, ta ƙanƙance ido tana ƙoƙarin kamo ko kalma ɗaya. Da ya yi shiru ta dube ni, ta dube shi, sannan ta kama hannunsa ta ce da wannan babbar muryar, "Baba, ka rame. Yaya ba ta ba ka abinci ne?"

Ya sunkuyar da kai a kan gwiwarta. Ni na fita tsakar gida.

Auta mawaƙiya ce a cocinmu, ita ke ba da waƙa mata suna amsawa. Lahadin farko da ta koma, mutane suka matsa suka bar mana benci guda mu kaɗai, duk da takardar sallamar da fasto ya karanta a gaban kowa. Da aka fara waƙa ta ga bakuna suna motsi, ta gane wacce ce, ta shiga. Ta riga su, muryarta kuma ta kauce. Wasu yara suka yi dariya. Ta lura da fuskokin mutane, ta rufe bakinta. Ba ta sake ba da waƙa ba.

Bayan watanni kunnen hagu ya ɗan buɗe. Idan an zauna ta wannan gefen aka ɗaga murya tana ji. Na dama bai dawo ba har yau. Aikin koyarwar da ta yi shekaru tana jira ya zo daga baya, ta gwada, amma aji mai yara da yawa ya fi ƙarfin kunne rabi. Yanzu ɗinki take yi a Palladan, ta yi aure, tana da 'ya mace. Baba ya rayu wasu shekaru bayan haka. Ya yi ɗan lambun alayyafo da yakuwa a bayan gida, amma wannan dariyar tasa ba ta dawo ba. Unguwa ta manta a hankali, aka ci gaba da gaisawa kamar ba a yi komai ba. Ni ma na amsa, don riƙe mutane a zuci wani aikin ne, kuma ba ni da sauran ƙarfinsa.

Har gobe ana ƙona daji da rani, ana haƙa ramuka, buhuna suna shigowa gari. Kwanan baya a kasuwar Sabon Gari na ga wata matashiya tsugune tana feɗe gafiya da hannu tsirara, jaririnta a goye, goran ruwan da take sha a gefen kwanon jinin. Na wuce, sai na kasa, na dawo. Na gaishe ta na ce, "Ƙanwata, ki riƙa saka safar hannu, ko leda ce. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa yaron nan. Ƙananan ɓerayen nan kuma ki rabu da su. Idan zazzaɓi ya kama ki ya ƙi jin magani, ki je babban asibiti, ki faɗa musu aikin da kike yi."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Madam, za ki saya ne ko wa'azi kika zo?"

Na ce wa'azi ne. Na ba ta labarin a taƙaice, ina tsaye da kayan miya a hannu. Ban sani ba ko ta ɗauka. Da na yi nisa na waiwaya, na ga ta matsar da goran ruwan.

Abin da wannan rani ya koya min shi ne, daɗewa ana yin abu ba a ga illarsa ba bai sa ya zama marar illa ba. Dabbar daji tana iya ɗauke da ciwon da ita ba ta ji, kuma ba ya tsayawa a kan maharbi. Yana bin buhu ya shigo gari, ya bi wuƙa ya shiga gida, ya faɗa kan wanda bai taɓa taka dajin ba. Ba na zagin mai neman abinci, na san abin da ya kai Baba gonakin Basawa. Amma na ga abin da buhu ɗaya ya ci: ran magidanci, kunnen yarinya, da sauran farin cikin tsoho. Shi ya sa duk inda na gani nake magana, ko an yi min dariya. Na gaji da maimaitawa, gaskiya na gaji. Sai dai na san gajiyar da ta fi wannan, kuma ba na so wata ta tsaya a jikin waccan tagar tana kiran ƙanwarta ba a juyo ba.